Cessna 172 yana ta tsalle a titi idan na zo sauka, ina kuskuren yake?

Sabon_Shiga:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyon sauka da ƙaramin jirgin sama Cessna 172 a Microsoft Flight Simulator 2020, wasan kwaikwayon tuƙin jirgi na kwamfuta, a filin jirgin Malam Aminu Kano, titi 06. Tashi ba ya ba ni wahala, sauka ce ta gagara. Ina isowa bakin titi da gudun not (mil na teku a awa) 80 zuwa 85, filaf (ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa don sauka a hankali) mataki ɗaya ko biyu. Da na ja sandar tuƙi sai jirgin ya koma sama, in na tura kuma tayar gaba ta daki ƙasa, ya yi ta tsalle sau uku ko huɗu. Wani lokaci sai ya yi ta shawagi a saman titi ya ƙi zama har ya ci rabinsa. Sandar Logitech Extreme 3D Pro gare ni, ba ni da feda. Don Allah masana ku nuna min inda nake ɓata lamarin.

Tsohon_Hannu:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, amsar tana cikin tambayarka: gudun ya yi yawa. Wannan jirgi da not 60 zuwa 70 ake shigo da shi idan filaf ya sauka duka, mafi yawa 65 ake riƙewa. Ƙarfin da fiffike ke ɗaga jirgi da shi yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa, don haka a not 85 ja iri ɗaya na sanda zai ba ka ɗagawar da ta fi ta not 65 da kusan kashi 70 cikin ɗari. Shi ya sa kake taɓa sanda kaɗan ya yi sama.

Gyaran tun daga zagaye yake farawa, wato kewayen fili da ake yi kafin sauka. Filin Kano yana kan tsayin ƙafa 1,562 daga teku, zagaye kuma ana yin sa ƙafa 1,000 a saman fili, wato agogon tsayi ya nuna wajen 2,600. Kafin komai danna maɓallin B a kwamfuta don agogon ya daidaita da matsin iskar wurin, in ba haka ba duk lissafin ya tashi a banza.

Ka bi gefen titi kana fuskantar digiri 240, titi yana hannunka na hagu da tazarar rabin mil zuwa mil ɗaya, inji a RPM (juyin inji a minti) 2,100 zuwa 2,200, gudu wajen not 90. Da ka zo daidai da lambar 06 da ke bakin titi, rage totur zuwa 1,500, sauke filaf digiri 10, ka riƙe hanci a miƙe har gudu ya sauko 80 sannan ka bar shi ya fara gangarowa. Idan bakin titi ya koma bayan kafaɗarka ta hagu, kamar digiri 45, juya hagu zuwa digiri 150, filaf 20, gudu 70 zuwa 75. Sai juyin ƙarshe zuwa 060, filaf 30, gudu 65. A kula, matakin farko na filaf ba ya wuce not 110, sauran biyun kuma sai ƙasa da 85.

Abin da masu koyo suka fi mantawa shi ne tirim, wato saitin da ke riƙe hancin jirgi ba sai kana jan sanda ba. Duk lokacin da ka canza totur ko filaf, sai ka sake tirim har ka iya sakin sanda jirgin ya ci gaba da gudun da kake so. In a layin ƙarshe, wato bayan ka fuskanci titi, hannunka yana kokawa da sanda, to tirim bai zauna ba, kuma gudun zai yi ta hawa da sauka. Ka sa shi a maɓallai biyu da babban yatsanka zai kai ba tare da ka duba ba.

Mai_Zagaye:

Allah ya saka wa Malam da alheri, bayanin ya cika. Bari in ɗora a kan daƙiƙu goma na ƙarshe, domin a nan tsallen yake fitowa.

Ka zaɓi wuri ɗaya a titi, waɗancan manyan fararen zane biyu da ke gaba da lamba. Wurin da jirgi zai dira shi ne wanda ba ya motsi a gilashin gaba, girma kawai yake yi. In zanen yana zamewa ƙasa, za ka wuce shi, rage totur. In yana hawa sama, ba za ka kai ba, ƙara totur. Gyara kaɗan-kaɗan, RPM 100 ya isa. Gudun kuma da hanci ake riƙe shi.

Ka tsallaka bakin titi a ƙafa 50. A ƙafa 10 zuwa 20 mayar da totur baya gaba ɗaya a hankali, ka ɗauke idonka daga zanen ka mayar da shi can ƙarshen titi. Wannan sauyin ido yana da muhimmanci ƙwarai: wanda ya zuba wa gaban hanci ido ba ya gane saurin nutsewar jirgi, sai ya ja da wuri ko ya makara. Ka miƙar da jirgin ƙafa biyu ko uku a saman titi, sannan ka hana shi sauka. Yana nutsewa kana ƙara ja kaɗan, yana nutsewa kana ƙarawa, har hanci ya rufe ƙarshen titi. Ƙahon gargaɗin cewa fiffike ya kusa daina ɗaga jirgi na iya yin kuka daidai lokacin, ba laifi ba ne. Tayoyin baya biyu za su taɓa da kansu. Kada ka saki sanda, bar tayar gaba ta sauko da kanta, sannan birki.

Shawagin da kake gani yana da dalili. Idan jirgi ya matso ƙasa da tsawon fukafukansa, kimanin mita 11 a wannan jirgi, jan bayan da iska ke yi masa yana raguwa, sai gudun da ya yi saura ya ƙi ƙarewa da wuri.

Shi kuwa tsalle, tura sanda ne ke haifar da shi. Tayar gaba ta fara bugawa, hanci ya wulla sama, fiffike ya sake kama iska, kai kuma ka sake turawa a makare, kowane tsalle ya fi na baya muni. In tsallen ƙarami ne, riƙe hanci inda yake, ɗan ƙara totur, ka sake zaunar da shi. In ya yi na biyu, fasa saukar: totur duka, danna ruda (abin da ke juya hanci hagu ko dama) ta dama domin inji zai ja hanci hagu, filaf ya koma 20 nan take, hau da not 60, sai filaf 10, sai ka ɗauke sauran bayan ka yi tsayi gudu ya wuce 65. Kada ka ɗauke filaf duka lokaci ɗaya, jirgin zai nutse.

Sannan duba saitin sandarka. Tafiyarta gajera ce, motsi kaɗan yana zama babba a jirgi. Rage kaifin motsin sanda gaba da baya da kamar kashi 30, ka bar matacciyar tsakiya, wato inda sanda ke motsi jirgi bai amsa ba, ƙarama, kashi 2 zuwa 5.

Ɗan_Lissafi:

Ƙari biyu, ranka ya daɗe. In titin yana da fitilun PAPI masu nuna gangaren sauka, guda huɗu a jere, yawanci a hagu: fari biyu ja biyu kana kan gangaren digiri 3, fari ya yi yawa ka yi sama, ja ya yi yawa ka yi ƙasa, ja huɗu kuwa ƙara totur ba jira. Digiri 3 yana nufin kimanin ƙafa 300 a kowane mil na teku, saurin gangarowa kuma gudunka a ƙasa sau biyar: not 65 ya ba ka wajen ƙafa 325 a minti. Amma a ɗan ƙaramin zagayen da Malam ya bayyana za ka iya juyowa ka tarar da fari uku. Kada ka dulmiya hanci don neman ja, gudun da aka sha wahalar kashewa ne zai dawo.

Na biyu zafi. In ka kunna yanayin gaskiya a watan Afrilu, Kano na iya kai digiri 40, iska ta yi sirara kamar kana tsayin ƙafa 5,000. Agogo zai nuna 65 alhali ainihin gudun ya kai 70. Titi zai riƙa tahowa da sauri, tsayawa ta ƙara tsawo. Lambar agogo za ka bi, kada ka rage ta.

Sabon_Shiga:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Da 65 da tirim tsallen ya ragu sosai. Saura iskar gefe, tana ture ni daga layin tsakiya. Kuma shin in fara ILS, wato sauka ta bin siginar rediyo da na'ura, yanzu?

Tsohon_Hannu:

Madalla. Iskar gefe ka fara da not 5, sai 8, sai 10. Abin da kamfanin ya gwada a wannan jirgi 15 ne. A layin ƙarshe karkata hanci cikin iska har jirgin ya riƙa bin layin tsakiya ko da yana kallon gefe. Dab da ɗaga hanci, murɗa sanda don ruda ta miƙar da hanci daidai da titi, ka sauke fiffiken ɓangaren iska kaɗan don kada ta tafi da kai. Tayar ɓangaren iska ce za ta fara taɓawa, haka ake so. Bayan ka taɓa ci gaba da ƙara karkata sanda wajen iska yayin da gudu ke raguwa. Ka tabbata ka kashe taimakon ruda na atomatik a saiti, in ba haka ba zai riƙa ja da kai. In iskar tana kaɗawa, misali 10 tana kaiwa 20, ƙara rabin bambancin, wato not 5 a kan 65.

ILS ka ɗan dakata sai ka yi sauka goma a jere a kan layin tsakiya ba tsalle. Idan lokacin ya yi, ɗauki mitar da alkiblar daga taswirar filin, sa a rediyon NAV1, danna maɓallin CDI a allon na'urorin jirgin, G1000, har allurar ta koma koriya ta nuna LOC1. Ka shiga layin da kusurwar da ba ta wuce digiri 30 ba, kuma ka tari gangaren daga ƙasansa, domin daga sama akwai gangaren ƙarya. Gyaran alkibla digiri 2 zuwa 5 kawai, don allurar tana ƙara kaifi kana matsowa. A ILS na matakin farko tsayin yanke shawarar sauka ko fasawa ba ya yin ƙasa da ƙafa 200 a saman titi, ainihin lambar tana kan taswira. Ka isa nan ba ka ga titi ko fitilunsa ba, totur duka, ka bi hanyar fasa sauka da aka zana.