Wai kankaren Rumawa ya fi na yau ƙarko?

Sadiƙu: Jama'a, ni dai na tsaya a kan bakana: injiniyoyin yau ba su kai na Rumawa ba. Ku dubi Pantheon, tsohon haikalin nan mai ƙatuwar ƙubba a birnin Rum. An kammala shi zamanin Sarki Hadrian, wajajen shekara ta 125 Miladiyya, faɗin ƙubbarsa mita 43, babu ko sandar rodi ɗaya a ciki, kuma har gobe tana tsaye. Gadar Morandi ta birnin Genoa fa? An buɗe ta 1967, ta rufta 2018, mutum 43 suka rasu. Ƙasa ɗaya ce fa, Italiya. Shekara kusan 1,900 a gefe guda, shekara 51 a ɗaya gefen. Wa zai musa?

Injiniya Bala: Ni zan musa, ƙanena. Abin da ya tsira kawai kake ƙirgawa. Ina sauran? A shekara ta 27 Miladiyya wani filin kallo na katako ya rufta a Fidenae, kusa da Rum. Suetonius, marubucin tarihin Rumawa, ya rubuta cewa mutum fiye da 20,000 suka halaka. Gidajen haya masu hawa-hawa na talakawan Rum kuwa, faɗuwarsu ta zama ruwan dare har sai da Sarki Augustus ya ƙayyade tsayin gini. Waɗannan ba su bar maka kango ka ɗauka hoto ba. Shi kansa Pantheon ɗin, mayar da shi coci da aka yi a 609 ne ya sa aka ci gaba da kula da shi.

Sadiƙu: Yaya Bala, kada ka kauce. Na katako daban, maganar kankare nake yi.

Malama Hadiza: Injiniya, a nan kam Sadiƙu yana da 'yar gaskiya. Haɗin nasu ba na wasa ba ne. Suna cuɗa farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta da ake ɗebowa a yankin Pozzuoli, kusa da Naples. Da shi suka gina tashoshin jiragen ruwa, har da ta birnin Caesarea da ke gaɓar Bahar Rum, zamanin Sarki Hirudus. Binciken da aka fitar a 2017 ya nuna ruwan teku na shiga cikin haɗin ya haifar da wasu ma'adinai da ke ƙara ɗaure shi. Wato gishirin da ke cinye kankarenmu, nasu ƙara masa ƙarfi yake yi. A 2023 kuma masana a jami'ar MIT ta Amurka suka ce farare-fararen dunƙulen farar ƙasa da ake gani a jikinsa, waɗanda a da ake ɗauka rashin iya kwaɓi ne, su ne ke narkewa idan ruwa ya bi ta tsaga, su toshe ta.

Injiniya Bala: Duk na yarda, Malama. Amma ruwan teku ba kankaren yake fara kayarwa ba, rodin da ke ciki yake nema. Kankare gwanin ɗaukar danni ne, amma da an ja shi ko an lanƙwasa sai ya tsage. Shi ya sa Rumawa suka manne wa gini mai siffar baka da kuma ƙubba, don nauyi ya riƙa dannawa ƙasa kawai. Dubi dabarar Pantheon ɗin: a gindi kaurin ƙubbar ya kai mita 6 da duwatsu masu nauyi, ana hawa tana sirancewa, a can sama sun koma amfani da dutse mara nauyi mai huji-huji, ƙarshe suka bar tsakiyar a buɗe. Mu kuwa tun da Joseph Monier, wani mai aikin lambu a Faransa, ya yi rajistar saka ƙarfe cikin tukwanen furanninsa na siminti a 1867, muka samu damar shimfiɗa rufi a miƙe da gada mai dogon zango. Kuɗin da muke biya shi ne tsatsa. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya fasa kankaren daga ciki.

Sadiƙu: To ai ka faɗa da bakinka. Kun saka abin da zai kashe ginin.

Injiniya Bala: Mun saka abin da zai sa ginin ya yiwu. Ba Barume da zai iya ɗora Burj Khalifa, dogon benen Dubai mai tsayin mita 828, da haɗinsa. A matse a inji, kankaren yau ya fi nasu ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma cikin kwana 28 ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi. Nasu a hankali yake ƙara ƙwari, sannan da hannu ake jera duwatsun ana daddaɓewa. Wa zai jira haka yau?

Baba Lawal: Yara, ku bari in sa baki. Kuna ta haɗa ƙarfi da ƙarko, alhali doki ya fi jaki gudu amma jaki ya fi shi jure wahala. Sannan ba siminti kaɗai ba ne sirrin. Pont du Gard a kudancin Faransa, gadar da ke ɗauke da magudanar ruwa zuwa birnin Nimes, tsayinta ya kusa mita 49, kuma yawancinta duwatsu ne aka sassaƙa aka jera ba tare da kwaɓi ba. Abin da nake zargin 'yan yau da shi ɗaya ne: sun san rodi na tsatsa, sun san maganinsa, amma a gina a tafi ya fi musu sauƙi a kan a dawo a duba.

Malama Hadiza: Allah ya ƙara girma, Baba. Ai ko rahoton masana a kan gadar Genoa tsatsar wayoyin ƙarfe da ƙarancin kulawa ya nuna.

Sadiƙu: Duk da haka ban sauka ba. Simintin Portland da Joseph Aspdin ya yi wa rajista a Ingila a 1824 shekararsa 200 kacal. Yaya Bala, nuna min gini ɗaya na rodi da za ka rantse zai kai shekara dubu.

Injiniya Bala: Na rodi ba zan rantse ba. Amma madatsar Hoover ta Amurka, da aka gama a 1936, jikinta curin kankare ne da ke aiki da nauyinsa da kuma siffar baka, tsarin Rumawan ke nan. A kanta kam zan iya sa hannu.

Sadiƙu: Ka ga ka dawo gidan Rumawa da ƙafarka.

Injiniya Bala: Da simintin Aspdin na dawo, ba da tokar Pozzuoli ba.