Lodi ne ko dodi? Tambaya a kan harafin ض

Mai neman sani:
Slm 'yan uwa, dan Allah ina da tambaya ta daɗe tana cina. Ni dai a makarantar allo lodi aka koya min, wato furta ض kamar l, babanmu har gobe "walal laallina" yake karantawa a Fatiha, da na shiga islamiyya malamin tajwidi ya ce kuskure ne wai kamar dal ce mai kauri, wato dodi, to kuma jiya wani ya ce min Sibawaihi, babban malamin nahawun Larabci, ma ba haka ya siffanta ta ba. Wanne ne asalin? wlh abin na damuna saboda sallar tsoho.

Tsohon ɗalibin nahawu:
Wslm ƙanina. Kwantar da hankalinka, ba jahilci ne ya kawo lodi ba. Sibawaihi (ya rasu wajen 180 bayan hijira) a ƙarshen Alkitab, kafin ya shiga idgami (shigar da harafi cikin wani harafi), ya jero mafitar haruffa 16, ya ce ض tana fita ne daga gefen harshe da turamen haƙoran da ke kusa da shi. Gefe fa, ba tsinin harshe ba. Kuma lam ma daga gefen take, maƙwabta ne. Akwai inda ya ce da za a cire iɗbaƙi, wato wannan rufewar da harshe ke yi wa ganɗa, da ط ta koma dal, ص ta koma sin, ظ ta koma zal, ita kuwa ض sai ta ɓace gaba ɗaya don ba ta da abokiyar zama a mafitarta. To ka gani, da dal ce mai kauri ai da ita zai haɗa da dal, amma ط ya haɗa.
Dubi kalmomin da muka ara mana, alƙali, alwala, farilla, larura, lamiri, haila, duk ض ce ta koma l. Ba mu kaɗai ba ma, Sifaniyanci na da alcalde daga alƙadi tun zamanin Andalus, ji l ɗin nan a tsakiya. Kunnuwa biyu masu nisa da juna suka ji abu ɗaya.

Ɗan Zinder:
Malam Allah ya ƙara ilimi, ka tuna min da ɗa mai hannu, wato ط. Sibawaihi ya sa ط da ق cikin majhura, haruffan jaharu da ake ɗauka masu murya ne, alhali yadda ake furta su yau a daidaitaccen Larabci makogwaro baya rawa, mu kuma muna cewa ɗalibi, ɗahara, ɗabi'a, sharaɗi, da murya a ciki. Ni ban ce hujja ce yankakkiya ba don har yau masana na saɓani a kan me yake nufi da jaharu, amma abin dubawa ne.

Malamar tahfiz:
A yi hattara dai 'yan uwa kar a fahimci cewa lam zalla daidai ce. Ibnul Jazari, malamin ƙira'a (ya rasu 833 bayan hijira), a cikin littafinsa Annashr ya ce babu harafin da ya kai ض wuya a harshe, ya lissafo masu maida ta ظ da masu cakuɗa ta da zal da masu maida ta lam mai kauri, ya ce duk bai halatta ba. Kenan tun lokacinsa ana yin irin namu kuma bai yarda da shi ba. Ni yadda nake koya wa yara, su jingina gefen harshe da turame na sama, na hagu ya fi sauƙi ga yawancinsu, su bar sautin ya miƙe, istiɗala kenan. Karatu daga bakin malami ake ɗauka, littafi baya furta maka komai.

Tsohon ɗalibin nahawu:
Gaskiyarki Malama, ban ce lam ba ce. Abin da ke min ciwo shi ne yadda yara ke dawowa daga islamiyya suna yi wa iyayensu dariya, alhali dodin da aka ba su ma in an ɗora shi a kan siffar Sibawaihi bai cika ba, tsinin harshe suke dannawa su toshe iska, ita kuwa ض cikin rikwa ya sa ta, wato haruffan da sauti ke gudana a cikinsu.

Mai neman sani:
Na gode sosai Allah ya saka. Malama in na je gida Juma'a zan zauna da Baba mu gwada na gefen hagun tare, haƙoransa na wannan ɓangaren suna nan.