Likita ya rubuta wa Hajiyarmu gwajin kalsitonin, me yake nema?

Maman Ummi, Agege:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin asibiti ku taimaka. Hajiyarmu ce wani ƙullutu ya fito mata a wuya, mun ɗauka maƙoƙo ne, an yi sikanin an yi gwajin TSH, wato gwajin jini na duba aikin tayirod (ƙwayar nan da ke gaban wuya), ya fito lafiya lau, sai kuma likita ya ce a je a yi wani gwajin jini wai kalsitonin. Na duba a waya na ga ana ta ambaton cutar kansa, wallahi hankalina ya tashi. Cutar kansa yake zargi ne?

Abban Sadik, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ki kwantar da hankalinki Maman Ummi, yawancin ƙullutun wuya ba kansa ba ne. Shi kalsitonin sinadari ne da wasu ƙwayoyi na musamman a cikin tayirod ke fitarwa, aikinsa rage kalsiyam a jini in ya yi yawa, kuma TSH ba ya nuna shi sam. Akwai wata kansar tayirod da ba a cika samu ba, ana ce mata medulari, daga waɗannan ƙwayoyin take tasowa shi ya sa in tana nan sai kalsitonin ya haura sosai, to likita so yake ya tabbatar ba ita ba ce kafin ya san matakin da zai ɗauka. In ma sakamakon ya ɗan hau kaɗan ba shikenan ba, ciwon ƙoda yana ɗaga shi, shan taba ma haka, har maganin olsa irin su omeprazole.

Maman Ummi:
Kai, ai kullum sai ta sha maganin olsar nan da safe!

Abban Sadik:
To ki faɗa wa likitan kafin a ɗebi jinin, amma kar ta daina sha da kanta. Ki kuma tambayi masu lab ko sai ba ta karya ba za ta zo.

Anti Bilki, Mile 12:
Ƙanwata ki binciko ko a dangi an taɓa yi wa wani aikin wuya, dan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan kansar gado ne, in aka same ta har 'ya'ya ake gwadawa. Ku fita da sassafe saboda goslo, ki riƙe mata takardar sikanin ɗin a jaka.