Aikin dare a asibiti: me ya taɓa faruwa da ke?

Nas mai aikin dare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Har yau labarin likitar nan ta Kolkata a Indiya bai bar raina ba. Shekarunta 31, ta gama doguwar tsayuwa ta awa 36, ta shiga ɗakin taro don ta ɗan runtsa. Da safiyar 9 ga Agusta 2024 aka tsinci gawarta, an yi mata fyaɗe an kashe ta. Wanda kotu ta ɗaure rai da rai a Janairun 2025 mai aikin sa-kai ne da 'yan sanda, yana shige da fice a asibitin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗakin da ta kwana. Ni ma sakatar ɗakin hutunmu ta karye fiye da shekara. Kujera nake tokare ƙofa da ita, kuma da takalmi a ƙafa nake kwanciya. Don Allah kowace ta faɗi nata, ba sai an kama suna ba.

Likita mai neman ƙwarewa:
Nawa ba baƙo ba ne, babban likitan sashenmu ne. Littafin horona sai da sa hannunsa, shi kuma ba ya sa hannu sai bayan an tashi, a ofishinsa, ƙofa a rufe. Ranar da ya dafa mini ƙugu ƙafafuna suka yi sanyi, na kasa ko magana. Na kai ƙara, sai na tarar abokinsa ne shugaban kwamitin. Ni aka sauya wa sashe. Shi yana nan.

Ungozoma:
Allah ya saka miki, ƙanwata. Ni mijin wata mai naƙuda ne ya biyo ni hanyar ɗakin magani wajen ƙarfe 2 na dare, inda ƙwan fitila ya mutu. Ihu na yi da dukkan ƙarfina, mai gadi na can bakin ƙofar waje bai ji ba. Wata mai jinya ce ta fito da tocila.

Mai shara:
Mu ba a ma tambayarmu. In kika yi magana gobe an kawo wata.

Ɗalibar jinya:
Majinyaci ya riƙe mini hannu ina sa masa ruwa, ya faɗi abin da ba zan iya maimaitawa ba. Da na faɗa, aka ce zafin ciwo ne, in yi haƙuri.

Tsohuwar sista:
'Yata, zafin ciwo ba ya koya wa mutum batsa. Ki rubuta rana da lokaci da wanda ke wurin, ki ajiye kwafi a gida. Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan cin zarafi da tsangwama a wurin aiki, wadda aka amince da ita a 2019, ta haɗa da ɗalibai masu horo, ta kuma ɗauki wurin hutu da banɗaki da hanyar zuwa aiki duk a matsayin wurin aiki. Da ita muka kafa hujja, mu goma sha ɗaya muka sa hannu a takarda ɗaya, har da masu shara. Mun samu makulli da fitila, kuma ba a barin mace ita kaɗai a ɗakin maza da dare. Batun manyan likitoci kuwa har yanzu muna fama.

Nas mai aikin dare:
Sista, don Allah ki turo mini yadda kuka tsara takardar. Jibi nake komawa aikin dare.