Shafi Hamsin Sun Isa a Yanke wa Ƙagaggen Labari Hukunci?

Mai Tsokaci:
Assalamu alaikum jama'a. Ga magana na kawo, na kuma san za a ja da ni. Duk labarin da bai kama mai karatu ba cikin shafi 50 na farko, a ajiye shi, laifin marubuci ne. Nancy Pearl, tsohuwar ma'aikaciyar laburare a Amurka, ta yi suna da ƙa'idar shafi 50, har ta ce wanda ya haura shekara 50 ya ɗebe shekarunsa daga 100, abin da ya rage shi ne shafukan da zai ba littafi. Ɗan shekara 70 ke nan shafi 30 kawai ake binsa. Shafi ɗaya yakan ɗauki kalma 250 zuwa 300, don haka shafi 50 sun kai kalma dubu 12 zuwa 15, karatun wajen awa guda. Marubucin da aka ba awa guda cur bai nuna tauraronsa ba, bai faɗi abin da yake nema ba, bai kawo abin da ya tare masa hanya ba, me zai nuna a shafi na 200?

Tsohuwar Edita:
Wa alaikumus salam. Malam, shafi 50 ba abu ɗaya ba ne a kowane littafi. A gajeren labarin soyayya mai kalma dubu 50, sun haura rubu'in littafin. A ƙaton labarin jarumta da tsafi mai kalma dubu 200, ko kashi ɗaya cikin goma ba su cika ba. Sannan abubuwan da ake aunawa ba lokaci ɗaya suke bayyana ba. Salo yana fitowa cikin shafi biyar: idan kowa a labarin murya ɗaya yake magana da ita, ko ana maimaita siffar tauraruwa a kowane sakin layi, hakan ba ya gyaruwa a gaba. Zubi kuwa sai an ci rubu'in littafi ake gane ko marubuci ya san inda ya dosa. Warwarar ƙulli ba mai ganinta sai a ƙarshe.

Ɗan Bincike:
Hajiya ta taɓo inda nake so. Labarin binciken kisa a babin ƙarshe ake yi masa hisabi. A 1929 marubuci ɗan Birtaniya Ronald Knox ya tsara ƙa'idoji goma na irin wannan labari, ta farko ita ce dole a ambaci mai laifin tun farkon labari. To me hakan ke nufi ga mai karatu? Abin da yake gani kamar surutu a babi na biyu, wane ya zauna kusa da ƙofa, ƙarfe nawa aka kashe fitila, wa ya ce bai ji ƙara ba, shi ne kayan aikin. Inda irin wannan labari ke lalacewa wuri biyu ne: a fito da baƙon mutum a ƙarshe a ce shi ne makashin, ko jami'in bincike ya ɓoye hujja a ransa ba a nuna wa mai karatu ba. Duka biyun ba a gano su a shafi 50. Gwajin shi ne ka gama, ka koma baya ka duba ko hujjojin suna nan tun farko.

Mai Tsokaci:
Ɗan'uwa, kana maganar alƙali ne, ni ina maganar mai karatu. Hujja tana iya zama a babi na biyu ba tare da barci ya ɗauke mutum ba. Idan an kai shafi 50 ba gawa, ba barazana, ba wanda ya yi ƙarya a gabanmu, ai marubucin ya ci amanar nau'in da ya zaɓa.

Uwar Ɗakin Karatu:
A soyayya dai ina bayan Malam, shafi 50 ma sun yi yawa. Mai karanta soyayya ya san ƙarshe tun daga bango, masoyan za su daidaita. Abin da yake nema shi ne shingen da ke tsakaninsu, kuma shingen ya zama na gaske. Idan rashin fahimta ce da magana ɗaya za ta warware, amma aka ja ta babi ashirin saboda babu wanda ya buɗe baki ya tambaya, labarin ya mutu tun a babi na uku. Sai dai kada a ɗauki wannan ma'auni a kai shi labarin ban tsoro. Can sai an sa ka saba da gidan da mutanen cikinsa kafin tsoron ya yi aiki. Dodon da aka nuna a shafi na goma, kafin shafi na ɗari ya zama ɗan gida.

Malamin Adabi:
Bari in kawo misali biyu da suka saɓa wa ƙa'idar. Littafin marubuci ɗan Italiya Umberto Eco na 1980, The Name of the Rose, wanda ya gina a gidan sufayen Kirista a ƙarni na 14, masu bugawa sun ba shi shawarar ya rage shafi ɗari na farko don sun yi nauyi, ya ƙi, da hujjar cewa wanda zai zauna a wannan gida dole ya karɓi tafiyar hawainiyarsa. Littafin ya sayu a duniya, an fassara shi zuwa harsuna da dama. Na biyu, labarin farko na marubuci ɗan Ingila Charles Dickens, The Pickwick Papers, da aka riƙa fitarwa kashi-kashi daga 1836, kasuwarsa ba ta buɗe ba sai a fitowa ta huɗu, da ya shigo da wani hadimi mai suna Sam Weller cikin labarin. Da masu karatu sun bi Malam, da an rufe shi tun bai miƙe ba.

Mai Tsokaci:
Allah ya gafarta Malam, misalinka na biyu nawa ne. Mutane sun ƙi saye har sai da marubucin ya kawo abin da ya kama su, wato hukuncinsu ya yi daidai a kan abin da aka ba su. Shi kuwa Eco da gangan yake tace masu karatu, wanda ya ajiye bai yi kuskure ba, ba shi aka rubuta wa ba.

Tsohuwar Edita:
To ai ka sauka daga inda ka hau, Malam. Da farko cewa ka yi laifin marubuci ne, yanzu kuma ka ce ba shi aka rubuta wa ba. Ajiye littafi haƙƙin kowa ne, amma wanda ya tsaya a shafi 50 ba shi da bakin cewa labarin ba shi da kyau, iyakarsa ya faɗi inda ya tsaya da abin da ya tsayar da shi. Kafin a ajiye ma akwai abin yi. A rufe littafin a gwada faɗin abin da tauraro yake so cikin jimla ɗaya. A buɗe tsakiya a karanta shafi biyu, a ga ko halin da ake ciki ya sauya daga na farko. In labarin tarihi ne ko almarar kimiyya, a ba shi kashi 15 cikin ɗari, domin sabbin sunaye da tsarin duniyarsa suna cinye shafi 30 kafin labari ya motsa.

Mai Tsokaci:
Kashi 15 na littafi mai shafi 330 nawa ke nan, Hajiya? Ki lissafa, shafi 49 da rabi ne, kusan 50 ke nan. A manyan littattafai na yarda a ƙara, amma a soyayya da bincike ina nan a kan bakana.