Mace-macen Kano na Afrilun 2020: korona ce, ko kulle ne ya ci mutane?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum jama'a. Ni har gobe ina kan bakana: abin da ya kwashe dattawan Kano a watan Afrilun 2020 ba korona ba ce, kulle ne. An garƙame mutum a gida cikin zafin bazara, ga azumi, ba kasuwa, ba asibiti. Mai hawan jini maganinsa ya ƙare, mai ciwon suga haka. Me ake jira in ba gawa ba? Ita kanta gwamnatin jiha a lokacin ai cewa ta yi hawan jini ne da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Mai ja ya fito.

Ma'aikaciyar Jinya: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ga ni na fito, kuma da kwanan wata zan fara. Ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Kano. Kullen Ganduje ya fara aiki daren 16 ga wata. Azumi kuwa sai 24 ga wata aka ɗauka. Da Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya bayyana sakamakon binciken tawagar tarayya a watan Yuni, ya ce an ƙirga mamata 979 a ƙananan hukumomi 8 na cikin birni, ana rasa mutum 43 a rana inda aka saba rasa 11, kuma abin ya fi ƙamari a mako na biyu na Afrilu. Ke nan masu haƙar kabari sun fara jigata tun ba a rufe kowa ba. Kullen da bai zo ba, ta yaya zai kashe mutum?

Ɗan Kwari: Hajiya, wannan lissafin Abuja ne. Wa suka gwada? Gawa nawa suka buɗe?

Ma'aikaciyar Jinya: Ba a buɗe gawa ba, kuma ka san dalili, mu ba ma ajiye mamaci. Ya cika da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Abin da suka yi shi ne bin iyalai suna tambaya yadda jinyar ta kasance: an yi zazzaɓi? an yi tari? numfashi ya sarƙe? Daga nan suka ce kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na da alaƙa da korona, a jikin mutanen da dama suna fama da wasu cututtuka. Gwamnatin jiha ta yi nata binciken ta ce kason bai kai haka ba. Amma ko ita ba ta ce babu ba.

Malamin Makaranta: Alhaji, ka dubi waɗanda suka tafi mana. Farfesa Ibrahim Ayagi, Farfesa Balarabe Maikaba na Jami'ar Bayero, Sarkin Rano Tafida Abubakar Ila, duk cikin 'yan kwanaki. Allah ya jiƙansu. Ban ce ga abin da ya yi ajalin kowannensu ba, amma waɗannan ba mutanen da za a ce sun rasa na cefane ba ne. Yunwa in ta shigo gari, da yara da marasa galihu take farawa. Wannan kuwa masu shekaru ta riƙa ɗauka, mafi yawa sun haura 65, daidai yadda ta yi a Italiya. Kuma ba Kano kaɗai ba, Haɗeja da Azare ma sun yi irin wannan kukan.

Uwar Biyu: Malam, ku yi a hankali da lissafin nan. Surukata a hannuna ta cika. Ba ta yi tari ba, ba ta yi mura ba, sugarta ce ta hau. Muka yi ta yawo da ita cikin adaidaita, wannan asibiti a rufe, wancan daga bakin ƙofa aka ce mu ƙara gaba. To ita a wane layi za ku sa ta?

Ma'aikaciyar Jinya: Allah ya gafarta mata, Yaya, ya sa ta huta. Irinta suna da yawa, ba na musu. Amma ki tambayi kanki me ya rufe ƙofar. Dokar kulle ba ta hana asibiti aiki ba. Tsoro ne ya rufe su. Ma'aikata suna kamuwa, kayan kariya ba su wadata ba, duk wanda ya zo yana haki ana masa kallon mai korona. Wajen gwaji guda ɗaya da ke jihar a lokacin, na Asibitin Malam Aminu Kano, ya dakata na wasu kwanaki a tsakiyar tashin hankalin. Likita ba ya iya bambance mai cutar da mara ita, sai ya gudu daga duka biyun. A wurina ita ma annobar ce ta ci ta, ta bayan gida.

Ɗan Kwari: Ah to! Ai kin dawo hanyata.

Ma'aikaciyar Jinya: Ban dawo ba, Alhaji. Kai ka ce kulle. Ni na ce cuta ta shigo ta tarar ba a shirya ba. Tun 27 ga Fabrairu aka samu ɗan Italiyan nan a Legas, mutum na farko mai cutar a Najeriya. Mako shida cur Kano ta samu na shiri.

Baba Direba: 'Ya'yana, ku bar ni in faɗi nawa. Ni ban san gwaji ba, amma na san hanya. An ce an rufe iyakokin jihohi. Wallahi motoci ba su daina shiga Kano ba, kuɗin mota ne kawai ya ninka saboda na goro a kowane shinge. Mai kuɗi ya wuce, talaka ya sha kulki. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da bakinta ta ce a makonni biyun farko na kulle jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a faɗin ƙasar, lokacin cutar ba ta kashe haka ba. Sai kuma aka ce a fito Litinin da Alhamis a sayi abinci. Duk wanda ya ga kasuwannin Singa da 'Yankaba a ranakun nan ya san in da cuta, a nan aka raba ta kyauta.

Malamin Makaranta: Baba, wannan gaskiya ce, amma tana nuna kullen bai yi aiki ba ne, ba ta nuna babu cuta ba. Ni abin da ya fi ci min rai shi ne baki biyun da hukuma ta riƙa yi. Da safe ta ce ku zauna a gida, akwai annoba mai kisa, har da kotun tafi-da-gidanka ga wanda ya fito. Da yamma mutane su ce to ga gawawwaki nan a maƙabartun Dandolo da Abbatuwa, sai ta ce a'a, wannan ba ita ba ce. To in ba ta kashe kowa, me ya sa aka rufe ni? In kuma tana kisa, me ya sa ake ɓoye min? Talaka ya haɗa wannan da labarin cewa gwamna na neman naira biliyan 15 daga tarayya, sai ya yanke hukuncinsa: harkar kuɗi ce. Alhaji, maganar da kake riƙe da ita yau, a bakin gwamnati ka tsince ta, ita da ta rufe maka shago.

Ɗalibin Jami'a: Malam, ƙara da jana'izar Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa a lokacin. Ya rasu 17 ga Afrilu, washegari aka binne shi a maƙabartar Gudu a Abuja, manya sun yi cincirindo kafaɗa da kafaɗa, kowa yana kallo a talabijin, alhali an hana mu sallar Juma'a. Sannan kar a manta Kano ba ta fara zargin maganin Bature a 2020 ba. A 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara wajen 200 lokacin annobar sanƙarau, 11 suka mutu. Shi ya share fagen ƙin rigakafin shan inna a 2003. Samarin da suka riƙa tsalle suna ihun babu korona ba daga sama suka faɗo ba.

Ustaz: Ɗana, dalili daban, hujja daban. Na fahimci abin da ya sa mutane suka ƙi yarda, amma hakan bai mai da ƙin yardar daidai ba. Addini bai bar mu cikin duhu ba a nan. Hadisi ya tabbata cewa in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shiga, in ta ɓarke kuna ciki kada ku fita. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, da aka ce gudun ƙaddara yake yi ya ce daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Saudiyya ta dakatar da Umra, Hajjin shekarar ma 'yan tsiraru mazauna ƙasar ne suka yi. Mu kuwa a Kusada ta Katsina har ofishin 'yan sanda aka ƙona a ƙarshen Maris kan hana Juma'a. Wasu daga cikinmu masu hawa mumbari suna da kaso a laifin nan.

Ɗan Damagaram: Allah gafarta Malam, mu ma nan Nijar haka ta faru. Da gwamnatin Mahamadou Issoufou ta hana jam'i, matasa sun tayar a Mirya, daga baya unguwannin Yamai suka ɗauka gab da azumi, ana ƙona tayoyi. Abin da mutane ke faɗi ɗaya ne: kasuwa a buɗe, masallaci a rufe? Sai cikin watan Mayu aka buɗe masallatan.

Uwar Biyu: Ni har yanzu ba wanda ya yi maganar almajirai. A tsakiyar cutar gwamnoni suka riƙa loda yara a motoci ana mayar da su jihohinsu. Kaduna ta gwada waɗanda aka kawo mata daga Kano ta samu masu ɗauke da cutar da dama. Malam, wannan bai saɓa wa hadisin da ka kawo ba?

Ustaz: Ya saɓa ƙwarai, 'yar'uwa. Hukuma ce ta fitar da su da hannunta.

Ma'aikaciyar Jinya: Kuma Alhaji ka lura da wannan. In yaran da ke bara a lungunan Kano suna ɗauke da ita, to ta daɗe da shiga gari. Su ƙuruciya ta kare su. Kakannin da ke miƙa musu sadaka ne ba ta bari ba.

Ɗan Kwari: Na ji ku duka. Cuta ta zo, ban ce ƙarya ba ce ɗungurungum, har gwamnonin Bauchi da Kaduna ta kama. Amma ko a lissafinki, Hajiya, kashi 40 zuwa 50 ba korona ba ce. Waɗannan fa, wa zai amsa sunansu? Kuma tallafin da aka yi ta shela a rediyo, a layinmu ko ƙwayar shinkafa ba mu gani ba. Sai a watan Oktoba da aka fasa rumbuna a Jos da Legas da Kaduna muka ga inda kayan CACOVID, wato tallafin da 'yan kasuwa suka haɗa, suka kwana.

Baba Direba: Wasu buhunan har sun fara lalacewa.

Ma'aikaciyar Jinya: Kan tallafi ba ni da abin cewa, kun fi ni gaskiya. Amma rabin nan da kake nema in bar maka, Alhaji, ba zan ba kulle shi duka ba. Ministan ya ce kashi 56 cikin 100 a gida suka rasu, ba likitan da ya gan su, ba takardar da aka rubuta. A cikinsu akwai irin surukar Yaya da aka kora daga bakin ƙofa, akwai kuma wanda 'ya'yansa suka ɓoye shi a ɗaki don kar motar hukuma ta zo ta kai shi cibiyar killace masu cutar ta Kwanar Dawaki unguwa ta ƙaurace musu. Da aka je tambaya, irin wannan gida ba zai ce mahaifinmu ya yi tari ba. Cewa za su yi gajeruwar rashin lafiya ce.

Ɗan Kwari: To in haka ne, lissafin naki ma ba a kan dutse yake ba.

Ma'aikaciyar Jinya: Ba a kan dutse yake ba. Sai dai in ya karkace, ragewa ya yi, ba ƙari ba.