Ba biki za mu yi ba, dawa za mu shiga: wane wuri ya fi a Kolorado?

'Yar Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Shawarar waɗanda suka san jihar Kolorado ta Amurka nake nema. Ina aikin jinya a Aurora, gefen Denba, wanda zan aura kuma yana digirinsa na uku a Boulder. In Allah ya yarda, watan Satumba mai zuwa za a ɗaura mana aure a Zariya bayan sallar Juma'a. Baffana ne waliyyi, yayan angon ne wakilinsa, sadaki ma an riga an yanka. Mu ne dai ba za mu samu zuwa ba saboda yanayin takardunsa, iyayenmu kuma biza ba ta samu ba.

Da farko mun fara tambayar ɗakin taro da masu dafa abinci. Da na zauna na tuna za a cika wuri da mutane ana kiɗa ana liƙi, babu Mama, babu Hajiyarsa, sai na ji raina bai kwanta ba. Saboda haka muka yanke cewa takardar auren gwamnati da dole sai mun sa mata hannu a nan, za mu je mu sa hannun a wani wuri mai duwatsu da ruwa, mu da mutum shida kawai, mu yi addu'a, mu ɗauki hoto, mu dawo.

Wurare uku nake dubawa: gandun dajin Rocky Mountain, Maroon Bells da ke kusa da Aspen, da tudun yashi na Great Sand Dunes. Amma akwai abin da ya ɗaure ni. Gwaggon angon za ta zo daga Maryland, ta haura sittin kuma tana da hawan jini. Ni lafaya zan sa, shi babbar riga, ba wando da takalmin hawan dutse ba. Sannan abin da ya fi komai a wurina: ina so Mama ta kalle mu kai tsaye ta WhatsApp. Wa ya taɓa zuwa wuraren nan?

Baban Khalil:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, 'yata, ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Na ji daɗi da kika fara da waliyyi da sadaki, domin yaranmu da yawa a nan sun ɗauka takardar gwamnati ta wadatar. Abu biyu kawai. Ku tabbata tafiyar dawan ta biyo bayan ɗaurin auren Zariya, ba ta riga shi ba. Kuma kada ku yar da walima. Annabi (SAW) ya ce wa Abdurrahman bin Auf ya yi walima ko da da akuya ɗaya ce. Ku sa a dafa shinkafa da nama a kai masallacin da kuke salla, jama'a su ci su san kin zama matar aure. Maganar duwatsu kuwa na bar wa masu ƙarfin gwiwa.

Maman Sadiq:
Ƙanwata, barka da wannan shawara, Allah ya nuna mana lokacin. Na daɗe a Colorado Springs, kuma ukun duka mun je da yara.

Ta ɓangaren doka kin faɗo jihar da ta dace. A Kolorado ma'aurata na iya sa wa takardarsu hannu da kansu, ba sai da alƙali ko limami ba, doka ma ba ta neman shaidu. Ku je ofishin magatakardan gunduma ku biyu da katin shaida, dala 30 ne. Dole ku yi amfani da ita cikin kwana 35, ku mayar musu cikin kwana 63 bayan sa hannu. Kada ku yi saurin karɓowa tun watan Yuli ta mutu a hannunku.

Maroon Bells ki cire shi, duk da babu inda ya kai shi kyau a hoto. Tabkin da ke gindin duwatsun yana sama da mita 2,900, shiga sai da ajiyar gurbin mota ko bas, kuma babu sabis na waya a wurin. Mama ba za ta ga komai ba sai kun gangaro Aspen. Kuɗin masauki a Aspen lokacin da ganye ya yi ruwan ɗorawa kuwa, ba ki son ji.

Maganar Gwaggo ita ce babba, kada ku ɗauke ta da wasa. Ke kin saba, Denba kanta mita 1,609 take, jininki ya riga ya daidaita. Ita daga bakin teku za ta taso. Daga wajen mita 2,500 ne mutane ke fara jin ciwon kai, jiri da tashin zuciya saboda ƙarancin iskar shaƙa. Wata baƙuwa da muka taɓa hawa da ita Trail Ridge Road, hanyar da ke kaiwa mita 3,713, tana fitowa daga mota ta yi taku kaɗan ta dafa murfin motar, leɓenta ya yi fari, tana cewa ƙirjinta kamar an ɗora masa turmi. Haka muka juyo da ita. Don haka Gwaggo ta sauka Denba kwana biyu kafin ranar, ta yi ta shan ruwa, ta tambayi likitanta, kuma kada wanda ya kai ta can sama don ganin gari.

A Rocky Mountain ba ko'ina ake yarda a yi ba, akwai wuraren da suka ware, kuma sai da takardar izini ko da ku biyu ne, dala 300 ba a mayarwa. Suna da adadin da suke bayarwa a wata, ana buɗe nema shekara guda kafin lokacin, Satumba kuma na saurin cika. Ki shiga shafinsu yau, ba gobe ba. Cikin wuraren, Sprague Lake da Lily Lake ne suka dace da ku. Dukansu hanya ce shimfiɗaɗɗiya ta kewaye tabki, har keken guragu na bi, daga inda ake ajiye mota taku kaɗan ne. Lafayarki ba za ta sha wahala ba.

Ɗan Jos Mai Hoto:
Anti Maman Sadiq ta gama magana a kan doka da lafiya, ni ta hoto zan zo. Da son raina ne da Great Sand Dunes zan ce. Tudun yashi ne da ya kai kusan mita 230, mafi tsayi a Arewacin Amurka, bayansa ga duwatsun Sangre de Cristo. Farar shadda a kan wannan yashin da hantsi, ba a magana. Sai dai tafiyar awa huɗu ce daga Denba, yashi na cin ƙafa, Gwaggo ba za ta wuce bakin farko ba, kuma iskar yamma na ɗiban yashi ta watsa wa mutum a ido da kwalliya. Ku ajiye shi ku je ku biyu daga baya ku kwana a Alamosa, garin da ke kusa da tudun, taurarin wurin kaɗai sun isa dalili.

Ko'ina kuka zaɓa, da asuba za ku yi. Dalilin farko Mama. A Satumba Najeriya na gaban Kolorado da awa 7. Rana na fitowa wajen ƙarfe bakwai saura, a Zariya lokacin biyu saura na rana, an idar da azahar, gida a cike. In kuka ce sai faɗuwar rana, ɗaya na dare ta wuce a can. Na biyu, da sassafe ruwan tabki a kwance yake, dutse na fitowa a cikinsa, iska ba ta taso ba balle ta riƙa kifa wa ango babbar riga a ka, 'yan yawon buɗe ido kuma ba su iso ba. Amma sanyi ne na gaske, yana iya kaiwa ga ƙanƙara, ki sa kayan ɗumi a ƙarƙashin lafayar, ki taho da takalmi shafaffe, mai tsinin ki riƙe a jaka. Ku yi sallar asuba a Estes Park, garin da ke bakin gandun dajin Rocky Mountain, kafin ku shiga, alƙibla a nan arewa maso gabas take.

Kada ku zo da jirgi marar matuƙi, an hana shi a duk gandun dajin ƙasa tun 2014. Ba a watsa fure ko shinkafa, ba a kunna lasifika. Kuma Satumba lokacin barbarar manyan barewar nan ne da ake kira elk, mazan na da faɗa, in kun gansu a fili ku ba su tazara sosai.

Sabis kuwa kada ki yarda da maganar kowa, har ni. Kamfani ya bambanta da kamfani, wani lokaci taku ashirin ne tsakanin samu da rashi. Ki je da wayar da za ki yi amfani da ita, ki tsaya daidai inda za ku tsaya, ki kira Mama ta bidiyo ki gani.

'Yar Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, in sha Allah walima za a yi ranar Lahadin da ta biyo baya, na riga na yi magana da matan masallacinmu. Anti, na cire Maroon Bells, kuma na kira Gwaggo ta ce za ta ga likitanta a makon nan. Ranar Asabar ba ni da aiki, zan tafi da wayata da ta ƙawata, tunda layinmu ba ɗaya ba ne, mu gwada Lily Lake da Sprague Lake da sassafe, wanda Mama ta gan ni sosai a cikinsa shi zan rubuta a takardar neman izini. Ɗan Jos, mai ɗaukar hoto yana shiga cikin adadin mutanen da ake rubutawa, ko lissafinsa daban ne? In yana ciki mun zama tara ke nan.